Ragowar magani cikin ruwan sha na karkara

Duk wanda ya tashi a karkara ya san ruwan da ba a sha. Ruwan tabkin da ya yi kore, da na rijiyar da akuya ta faɗa ciki, ido da hanci sun isa su yi wa mutum gargaɗi a kansu. Amma tun daga shekarun 1990 masana suka mai da hankali ga wata ƙazanta da ba ta da launi balle wari, wadda ke shiga koguna da tabkuna da rijiyoyi. Ita ce ragowar magungunan da mutane da bisashe suke sha, tare da ragowar sabulai da mayukan shafa. An daɗe ana ɗaukar maganar a matsayin damuwar ƙasashe masu arziki. Binciken ƴan shekarun nan ya nuna cewa an fi samun wannan ƙazanta inda magani ya yawaita alhali salanga da magudanar ruwa ba su wadata ba. Wannan kuwa shi ne halin garuruwanmu da yawa, daga Doso har Damagaram.

Magani ba ya ƙarewa cikin jiki

Mutane da dama suna zaton idan an haɗiye ƙwaya ta narke ke nan, ta ɓace. Ba haka abin yake ba. Jiki yana amfani da wani kaso, hanta tana sarrafa wani, sauran kuma yana fita cikin fitsari ko bayan gida. Mai shan maganin tarin huka shaida ne. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ake ba shi, wato rifampisin, tana sa fitsarinsa ya yi ja. Abin da ya gani da idonsa yana faruwa da sauran magunguna, sai dai su ba su da launin da zai tona su. Amoksisilin da ake ba yara don ciwon huhu, kimanin kashi 60 cikin 100 nasa yana fita cikin fitsari yadda ya shiga, cikin awa 6 zuwa 8. Metformin na masu ciwon sukari kusan dukansa yake fitowa bai canza ba.

Haka yake ga bisashe. Allurar oksitetrasiklin da makiyaya suka saba yi wa shanu da tumaki, da magungunan tsutsar ciki, babban kaso nasu yana fita cikin kashin dabba da fitsarinta. To, ina dabba take daɗewa tsaye da rani? Bakin rijiya, tana jiran a ja mata ruwa. Wurin ya zama caɓi, igiyar wasaki tana ja a ƙasa, sa'an nan ta koma cikin rijiya da abin da ta kwaso.

Ga mutane kuwa, hanya mafi girma ita ce bayan gida. Ƙididdigar Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, tare da UNICEF ta shekarar 2022 ta nuna kimanin mutum biyu cikin uku a Nijar suna yin bayan gida a fili. Ruwan sama na farko yana share wannan duka zuwa tabki da fadama da gulbi. Inda aka gina salanga an yi babban ci gaba, amma idan an haƙa ta kusa da rijiya, ko raminta ya yi zurfi har ya kusa taɓa ruwan ƙasa, sai ta zama wata hanyar. Akwai kuma jibji, inda ake zubar da ƙwayoyin da suka lalace da kwalaben siro da ba a shanye ba, da ruwan wanka da na wanki da ke bin rariya ya kwanta a lungu.

Ƙasa tana tacewa, amma ba kowace ƙasa ba

Rana tana lalata wasu magunguna, ƙananan halittun da ke cikin ƙasa suna cinye wasu. Parasetamol yana cikin masu saurin lalacewa. Oksitetrasiklin yana manne wa laka, ba ya saurin nitsewa, shi ya sa ya fi zama a saman ƙasa har ruwan sama ya kwashe shi. Wasu kuwa ba su manne wa komi. Sulfametoksazol, wanda ke cikin maganin da aka fi sani da Bactrim, da karbamazepin na masu farfaɗiya, suna bin ruwa duk inda ya nufa. A ƙarƙashin ƙasa, inda babu rana, suna iya daɗewa ƙwarai.

Saboda haka haɗarin ba ɗaya ba ne ko'ina. A ƙasar Korama, wajen Matamai da Magarya, da cikin Dallol Mauri da Dallol Boso, ruwa yana kusa, wani wuri gaba biyu ko uku ka tarar da shi, kuma ƙasar rairayi ce. Albarkar da ta sa ake noman rake da garake a can, ita ce kuma take buɗe wa ƙazanta ƙofa, domin rairayi ba ya riƙe ruwa balle ya tace shi sosai. Fadamar Gulbin Maraɗi tana da irin wannan hali a wurare da yawa. Inda rijiya burtsatse ta nitse mita 60 ko 100 ta ratsa laka, ruwan ya fi tsira, muddin daɓen simintin da ke bakin famfon bai tsage ba. Ambaliya takan rushe duk wannan lissafi. A daminar 2024 ruwa ya shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a Nijar, kuma jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Duk inda ruwa ya mamaye gari haka, abin da ke cikin ramukan salanga da jibji yana tasowa ya haɗu da ruwan rijiyoyin da ba su da bango mai tsawo.

Abin da bincike ya gano a wasu ƙasashe

A Amurka, tsakanin 1999 da 2000, ma'aikatar gwamnati mai binciken ƙasa da ruwa ta auna ƙoramu 139 a jihohi 30. An samu ragowar magani ko sabulu ko makamantansu cikin kashi 80 cikin 100 na ƙoramun. Bincike mafi faɗi shi ne wanda jami'ar York ta Ingila ta jagoranta, aka buga shi a 2022. An ɗebi ruwa a wurare 1,052 na koguna 258 cikin ƙasashe 104, ana neman magunguna iri 61. Fiye da rubu'in wuraren suna da aƙalla magani guda da yawansa ya wuce iyakar da ake ganin ba ta da illa ga halittun ruwa, ko ya kai matakin da zai taimaki ƙwayoyin cuta su bijire wa magani. Wuraren da suka fi ƙazanta suna Lahore a Pakistan, da La Paz a Bolibiya, da Adis Ababa a Habasha. Ba mu ji sunan Paris ko Landan a kan gaba ba, domin can ruwan ƙazanta yana bi ta wurin tacewa kafin ya shiga kogi.

Mafi munin misali yana Patanceru, kusa da birnin Haidarabad na Indiya, inda masana'antun magani kusan 90 suke tura ruwan wankinsu wuri guda. A wani bincike da aka buga a 2007 an auna siprofloksasin cikin ruwan da ke fitowa daga wurin, aka tarar ya kai miligiram 31 a kowace lita. Wato ƙwaya guda ta miligiram 500 cikin ruwan da bai cika bido ba. Bayan shekara biyu aka same shi cikin rijiyoyin ƙauyukan da ke kewaye. Nijar ba ta da tarin masana'antu irin wannan, mafi yawan maganinmu daga waje yake zuwa, amma labarin ya tabbatar da cewa magani yana ratsa ƙasa ya kai rijiyar ƙauye.

Indiya ta kuma koya wa duniya abin da maganin dabba yake iya yi. A shekarun 1990 ungulaye suka yi ta mutuwa a can, har wasu iri suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Sai a 2004 aka gano dalili: diklofenak da ake yi wa shanu allura da shi yana kashe ƙodar ungulun da ta ci mushensu. A 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana amfani da shi ga dabbobi. Wannan ba ta ruwa ya bi ba, ta nama ya bi, amma makiyayi da mahauci ya kamata su san shi.

To, guba ce?

Nan ya kamata a yi magana da ma'auni, don kada tsoro ya kori mutane daga famfo zuwa tabki. A mafi yawan wurare abin da ake samu cikin ruwan sha kaɗan ne ƙwarai. Mu ɗauki misali. A ce kowace lita tana ɗauke da mikrogiram guda na parasetamol, wato giram guda da aka raba gida miliyan. Kafin a tara ƙwaya guda ta miligiram 500 sai an sha lita 500,000, wato bido 20,000 na lita 25. Mai shan lita 3 kowace rana zai yi fiye da shekara 400 bai gama ba. A rahotonta na 2012, OMS ta ce yawan maganin da ake samu cikin ruwan sha yakan gaza mafi ƙarancin abin da likita ke bayarwa har sau fiye da 1,000, don haka da wuya ya yi wa mai sha illa kai tsaye.

Wanda ya sha ruwan rijiya ba zai bugu da maganin maƙwabcinsa ba. Abin da ke kashe yaranmu cikin ruwa har yau shi ne ƙwayoyin cutar zawo da taifot da kwalara, kamar yadda aka gani a Madarunfa a 2018, da kuma a 2021 lokacin da kwalara ta bazu a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Sai dai a lura: hanyar da kwalara take bi ta shiga rijiya, ita ce hanyar da ragowar magani take bi. Idan an samu magani cikin rijiya, alama ce cewa bayan gidan mutane ko na dabbobi yana kai wa ruwan.

Inda haɗarin yake da gaske

Haɗarin da ya fi girma ya shafi magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda ake kira antibiyotik. Manomi ya san yadda ake zaɓen iri. Shekarar fari, zangarniyar da ta jure ita yake ajiyewa, baɗi gonarsa ta cika da hatsi mai jurewa. Haka ƙwayoyin cuta suke. Cikin miliyoyinsu akwai ƴan kaɗan da magani ba ya kashewa da sauƙi. Idan suka haɗu da magani maras ƙarfi, raunana su mutu, masu jurewa su saura su hayayyafa. Abin mamaki, ƙwayoyin cuta suna iya miƙa wa juna wannan hali, ko da ba iri ɗaya ba ne. Ramin salanga, da caɓin bakin rijiya, da kududdufin bayan gari, wurare ne da ƙwayoyin cuta da ragowar magani suke kwana tare wata da watanni. Can ake zaɓen irin, ba tare da kowa ya yi niyya ba. Daga nan ruwa ya ɗauko masu jurewar ya kawo su randar gida.

Sakamakon yana bayyana a gidan likita. Yaro yana zawo da jini, a ba shi maganin da dā yake warkarwa cikin kwana uku, bai ji sauƙi ba. A sake wani mai tsada, wanda sai an je babban gari. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka bijire wa magani. Yankin da abin ya fi tsanani shi ne namu, Afirka ta Yamma, da mutum 27 cikin kowane 100,000. Shi ya sa a watan Satumba na 2024 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi alkawarin rage wannan mutuwa da kashi 10 cikin 100 kafin 2030.

Babban abin da ke haifar da wannan jurewa shi ne shan antibiyotik barkatai, ga mutum da dabba. Ruwa maras tsabta shi ke yaɗa ta gida-gida.

Magani ya yawaita, kuma alheri ne

Kada a fahimci wannan bayani a karkace. Tun 2006 aka tsai da shawarar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a Nijar. Tun 2013 aka fara ba yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro kowace damina. A jihar Doso, wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2018 ya nuna cewa ba ƙananan yara azitromisin sau biyu a shekara ya rage mutuwarsu da kashi 18 cikin 100. Waɗannan rayuka ne da aka ceta, kuma babu mai hankalin da zai ce a daina. Amma masu wannan gwajin da kansu sun tarar cewa ƙwayoyin cuta masu jure wa dangin azitromisin sun ƙaru a jikin yaran. Magani ya shigo ƙauye da gudu, salanga da rijiya mai murfi suna tafe a hankali. Wannan tazara ita ce matsalar.

Abin da ba alheri ba ne shi ne maganin da ake sha ba dalili. Kowace kasuwar ƙauye tana da mai tallar magani da tirensa a rana. Mutum yana mura, ya sayi kafso biyu ja da rawaya, alhali antibiyotik ba ya maganin mura. Wani ya buɗe kafson ya zuba wa kaji a ruwa. OMS ta ƙiyasta a 2017 cewa magani ɗaya cikin 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da suka shiga yunƙurin Lome na 2020 don yaƙar wannan fatauci. Maganin da ƙarfinsa bai cika ba yana yin daidai abin da muka faɗa a kan zaɓen iri, wannan karon a cikin jikin mai sha.

Sabulu da man shafa

Abin da aka shafa a fata, ruwan wanka ke ɗauke shi. Sabulun gargajiya da man kaɗanya da lalle ba su da wata damuwa. Damuwar tana ga mayukan bilicin. Da yawansu suna ɗauke da hidrokinon, ko magunguna masu ƙarfi irin kolobetazol da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, wasu kuma da zaiba. Zaiba ba ta ruɓewa har abada. Idan ta shiga tabki tana taruwa cikin kifi, kuma tana cutar da ƙoda da ƙwaƙwalwa, musamman ta jaririn da ke ciki. Ƙasashen yarjejeniyar Minamata sun yanke a 2023 cewa daga 2025 a daina sa zaiba cikin kayan shafa gaba ɗaya. Mai shafawar ita ce ta farko da ke cutuwa, ruwa na biye. Akwai kuma sabulan da ake tallar su da cewa suna kashe ƙwayoyin cuta. A 2016 Amurka ta hana sa tiriklosan da tiriklokarban cikin irin waɗannan sabulan wanke hannu da jiki, domin masu yin su sun kasa nuna cewa sun fi sabulun yau da kullum amfani.

Ruwa garai-garai ba shaida ba ne

Mutanen Tibirin Gobir sun san wannan da zafi. Daga tsakiyar shekarun 1980 garin ya sha ruwan wata rijiya burtsatse mai haske da kyan gani, ashe tana da sinadarin fuluwor fiye da kima. Sai da haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan ɗaruruwansu suka lanƙwashe, sa'an nan aka gane. Fuluwor daga dutse yake, ba magani ba ne, amma darasin ɗaya ne: abin da ido bai gani ba, awo kaɗai ke nuna shi. Awon da aka saba yi wa sabuwar rijiya yana neman ƙwayoyin cutar bayan gida, da fuluwor, da ƙarfe, da nitirat. Neman ragowar magani yana buƙatar na'urori masu tsada. Amma akwai hanya mai sauƙi. Idan awo ya nuna ƙwayoyin cutar bayan gida ko nitirat mai yawa, to a ɗauka cewa duk abin da ke cikin salanga yana iya kai wa ruwan. Kwamitin kula da ruwa yana da damar neman ma'aikatar ruwa ta sake awo, musamman bayan ambaliya.

Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, har da masu jure wa magani. Haka ƙwayar Aquatabs da ruwan jabel idan an sa su daidai. Don haka a ci gaba da yi. Amma tafasawa ba ta fitar da mafi yawan magunguna, jabel kuma wasu kawai yake lalatawa. Tacewa da ƙyalle tana kama datti ne kurum. Hanyoyin da ke cire magani sosai, irin gawayin masana'anta na musamman, sun fi ƙarfin aljihun ƙauye. Abin da ya shiga rijiya ya shiga ke nan, aikin da ke hannunmu shi ne hana shi shiga.

Aikin gida da aikin gari

A haƙa salanga aƙalla mita 30 daga rijiya, wato kamar taki 40 na babban mutum, kuma ta ɓangaren gangare, ba sama da rijiyar ba. Gindin ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa da damina. A ƙasar rairayi mai ruwa kusa, gara a ɗaga salangar sama da ƙasa maimakon a zurfafa ramin, a kuma ƙara nisa. Dokar ruwa ta Nijar ta 2010 ta tanadi kewayen kariya ga wuraren ɗiban ruwan sha, saboda haka maigari da magajin gari suna da abin dogara idan suka hana gina salanga ko tara jibji kusa da rijiya.

Rijiya tana son bango, da murfi, da daɓe, da magudanar da za ta kai ruwan da ya zube nesa. Kwamin shayar da bisashe a janye shi can gefe, a yi shinge. Wanki da wanka su ma a ware musu wuri, kuma kada a wanke gidan sauro mai magani cikin tabki, domin maganin yana kashe kifi. Makiyayi ya nemi malamin dabbobi kafin allura, ya kuma tambayi kwana nawa zai jira kafin a sha nonon dabbar ko a yanka ta.

Antibiyotik sai da takardar likita, a sha shi yadda aka faɗa, kada a raba shi da maƙwabci. Maganin da ya rage ko ya lalace kada a zuba shi a jibji ko rariya ko tabki, kada kuma a ƙone shi a murhu, domin wutar itace ba ta da zafin da zai lalata shi. A ajiye shi cikin gwangwani mai murfi inda yara ba su kaiwa, ranar da za a je gidan likita a miƙa wa ma'aikacin. Su ma gidajen likita suna da hanyar da OMS ta bayyana tun 1999 ga inda babu babbar na'urar ƙonawa: a zuba magungunan cikin tano har kashi uku cikin huɗu, a cike sauran da kwaɓin siminti da farar ƙasa, a rufe, a binne inda ba ya kusa da ruwa.

Kwamitin ruwa ya kewaya kowace rijiya da kowane famfo na gari sau ɗaya a shekara, ya duba tsagewar daɓe, ya auna nisan salangar da aka gina sabuwa, ya sa a kwashe jibjin da ke sama da rijiya. Lokacin wannan aiki shi ne bazara, watan Afrilu da Mayu, kafin ruwan farko ya sauka.